Kwalbar Man Ayun da Na Kasa Zubarwa

Shekara tara ke nan cif da rasuwar mijina, Malam Nasiru, kuma har yau kwalbar nan tana ƙasan akwatina.

Ina amarya ya bar koyarwa a Ɗambatta ya tafi bakin teku aikin bincike. Ni kuwa littattafan soyayya sun riga sun cika mini kai: duk namijin da ya yi nisa, wata za ta ɗauke shi. Sai na sayi man ayu wajen mai kayan mata, wai in na shafa ba zai ƙara ganin kowa ba sai ni.

Ranar da ya dawo ya tsinci kwalbar. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Binta! Ni da nake wuni ina auna gubar da ke cikin kitsen ayu, shi za ki shafa ki tarbe ni?"

Na ce, "Wa ya ce ka yi wata huɗu ba ko wasiƙa?"

Da dariyar ta lafa, ya gaya mini ayu da 'yan'uwansa na teku nono suke shayarwa kamar mu. Maganin ƙwarin da aka hana tun tuni yana nan maƙale a kitsensu. In uwa ta haihu, sai ya bi nono ya shiga ɗanta, na fari ya fi kwasa. Ya ce, "Rungume shi take yi, ba ta san abin da take ba shi ba." Babu littafin da ya taɓa sa ni kuka irin na ranar.

Da yana raye, me zai ce da gonakinmu na yau, inda ko wake ba ya yi sai an yi feshi? Makon jiya na tarar da 'yarmu Hafsa, da goyonta na fari a baya, tana zuba ruwan sha a jarkar maganin feshi. Na fizge na huda ta da wuƙa.

"Inna, ai sau uku na wanke ta!"

Ba ni da ilimin Malam. Na ɗauko kwalbar, na ba ta labarin ayu kamar yadda ya ba ni. Ta sauke yaron ta daɗe tana kallonsa.

Malam bai bar mana gona ba. Tsoron nan ya bar mini, shi ne kuma ya tsare jikan da bai gani ba. Allah ya jiƙanka, Malam. Ashe ban buƙaci man ba.