Bisimillar Yaya Talle

Shekara ashirin da shida yayana Talle yana yanka a mayankar Sokodé. Duk wanda ya ci nama a unguwar Komah ya ci daga wuƙarsa. Shi ba mai surutu ba ne, bisimillarsa ce kawai ake ji har bakin titi.

Wani ƙurji ya fito masa a gefen harshe, ya ce goro ne ya ci masa baki, ya yi wata takwas yana shafa zuma. Da muka je asibiti a Lomé, likita ya ce ciwon daji ne, aka yanke kusan rabin harshen. Ya dawo da ransa, amma magana sai ka kasa kunne sosai. Tuwo ya gagare shi. Kunu nake dama masa mai kauri, ya karkata kai ya haɗiye a hankali, in ya yi gaggawa ya ƙware har da hawaye.

Hannunsa kuwa lafiya lau. Ya koma aiki, sati bai cika ba aka fara ƙus-ƙus, wai ba a jin sunan Allah sarai a bakinsa, wai naman mushe ne. Mushe! Na je da ƙafata wurin Malam Sharifuddeen, limamin unguwarmu, ya ce yankan Talle halal ne, ko bebe ya yi niyya ya yanka, a ci. Ya faɗa a masallaci ma. Wa ya saurara? Shugaban mahauta ya ce wa Yaya, "Ka huta tukuna, kiliyan, masu sayen nama, suna tsoro." Mutanen da ko Fatiha ba sa kawowa daidai, su ne suka zama alƙalan bakinsa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Na kai shi Dapaong wurin ƙaninmu Taufiƙ, ko hankalinsa zai kwanta. Ranar Babbar Salla ya wasa wuƙarsa tun da safe, ya koma bayan ɗaki yana ta maimaita bisimilla, yana goge yawu da hannun riga. Aka sauko daga idi, aka kayar da rago. Yaya ya durƙusa ya kama ƙaho. Sai Taufiƙ, ɗan uwansa uwa ɗaya uba ɗaya, ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Yaya, bari maƙwabci ya zo ya yanka. Kai ka riƙe mana ƙafafu."

Ya ajiye wuƙar, ya riƙe. Ni dai ban ci naman nan ba.