Malam Isiyaku Mai Rediyo da Hoton da Bai Gani Ba

Ina sharar gona a Mahuta ƙanena ya iso a kan babur. Bai sauka ba, bai kuma kashe injin ba. Ya ce, "Yaya Nura, Malam Isiyaku ya cika." Na yi salati, na jingine manjagara a jikin ɗorawa, na hau bayansa. Kafin mu shiga Funtua an gama yi masa sutura. Mun samu salla, mun raka shi makwancinsa.

Mutane da gyaran rediyo suka san shi. Ya yi aikin lantarki a kamfanin gurzar auduga, da ya ajiye aiki sai ya mai da zauren gidansa shago. A can na san shi, ranar da na kai rediyon mahaifina. Karatuna bai wuce firamare ba, shi kuma bai taɓa tambayata takarda ba. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne ko ina iya zama wuri ɗaya in yi shiru. Na ce ina iyawa. Ya ce to in dawo gobe.

A shekarunsa na ƙarshe ne ɗansa Kabiru da ke Zariya ya kawo masa wata 'yar na'ura, tsawonta bai fi yatsa ba, ana soka ta a jikin kwamfuta. Malam ya ce rediyo ce, sai dai ba ta da abin murɗawa, duk aikin kamo tasha manhaja ce ke yin sa a cikin kwamfutar. Manhajar kyauta ce, waɗanda suka rubuta ta sun bar ta a buɗe, kowa ya duba ya gyara. Wannan ya zauna masa a rai. Yakan ce, "Mutanen nan ba su san ni ba, suka ba ni aikinsu. Ni da wane ido zan ɓoye wa wani nawa?"

Da farko na'urar ta ƙi aiki. Kwamfutar ta ɗauka abin kallon talabijin ne, ta riƙe ta, ta hana manhajar taɓa ta. Malam ya daɗe yana bincike a waya, tabarau a kan hanci, har ya gano inda ake hana kwamfutar wannan karambani. Da na'urar ta fara aiki kuma, idan ta ɗauki zafi sai tasha ta riƙa zamewa daga inda aka tsayar da ita. Ya naɗe ta a leda ya kwantar da ita a jikin randa. Inna Rabi, mai ɗakinsa, ta ce ita dai a bar mata moɗa a wurinta. Eriya kuwa da sandunan ƙarfe biyu muka yi ta, a buɗe kamar ƙahon sa, muka kafa a kan gora.

Da wannan yake kamo tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoton gajimare idan ya gifta ta samanmu da hantsi. Hoton yakan sauko layi bayan layi, har ka ga ƙasarmu da farin hadari a inda yake. Manoma suka ji labari. Duk gabatowar damina zauren yakan cika da masu tambaya ko su yi binne, wato su zuba iri a busasshiyar ƙasa su jira ruwa, ko su dakata. Irin masara ya yi tsada. Wanda ya binne, aka yi yayyafi aka ɗauke, ya yi asarar da zai ji a jikinsa har kaka.

Baba Ɗanjuma na wajen Kafur, abokinsa tun ƙuruciya, ba ya shigowa bai tsokane shi ba. "Isiyaku, kai da bokan ƙauyenmu duk ɗaya ne, shi dai ba ya cin batir."

"Shi gobe yake sayar maka," in ji Malam. "Ni ɗazu nake nuna maka, kuma kyauta."

Haka kuwa yake. Ban taɓa jin ya ce wa kowa za a yi ruwa ba. Zai nuna maka inda hadari yake yau da inda yake jiya, ya bar ka da gonarka.

Bana, da zafi ya tsananta, ciwo ya kwantar da shi. A daidai lokacin hoton ma ya lalace. Sai zane-zane da dishi-dishi, ba ka bambance ƙasa da hadari. Malam ya sa aka kira Kabiru da Baba Ɗanjuma bakin gadonsa, ya ce, "Ku shaida. Idan Nura ya gano abin da ke damun na'urar nan da kansa, na ba shi ita da kwamfutar. Idan bai gano ba, a tafi da ita Zariya a sa a kwali. Ba ta da amfani a hannun wanda sai an faɗa masa." Na san idan ta tafi Zariya, manoman nan ba su da sauran wurin tambaya, ga damina ta matso.

Dokarsa a gyara ɗaya ce: "Taɓa abu ɗaya ka duba. In ka taɓa biyu ya gyaru, ba ka san komai ba." Na canja wayar eriya. Na sauke eriyar na goge tsatsa. Na cire manhajar na sake sa ta. Kullum da la'asar in shiga in durƙusa.

"Me ka taɓa yau?"

"Wayar eriya, Malam."

"Ita ce?"

"Ba ita ba ce."

"To ka san abu ɗaya. Je ka ci tuwo."

Da abin taɓawa ya ƙare, sai na daina taɓawa, na zauna ina kallon allo kawai. Na lura da sassafe yana nan tas, rana na ɗagawa sai ya fara cika da layuka. Ina cikin kallo wani dattijo ya yi sallama, ya zo dubiya. Kafin ya shiga ciki ya sunkuya a gefen ƙofa ya soka cajar wayarsa. Nan take sabon layi ya miƙe a allon. Gidan Malam na da sola, unguwar kuma ta daɗe ba wuta. Tun da ya kwanta, duk mai zuwa gaishe shi da waya da caja yake zuwa, wani har da ta maƙwabcinsa. Cajojin nan masu araha su ne ke watsa ƙarar da ta danne muryar tauraron.

Da na faɗa masa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Tun ranar da Rabi ta ce a ƙaro abin soka caja na sani." Na ce zan roƙi mutane su riƙa zarewa idan tauraron zai wuce. Ya girgiza kai.

"Mutum ya taso ya zo duba ni, ka ce ya zare wayarsa? Wasu ma wayar ce ta kawo su, suka haɗa da ni, kuma na gode. Kai ne za ka tashi. Ka nemi fili nesa da gidaje, kwamfutar ta ci batirinta." Sai ya juya wajen ɗansa ya ce, "Kabiru, kayan Nura ne."

Na tafi Mahuta in share gonar mahaifina in kuma duba inda zan kafa gorar. Ban dawo na same shi da rai ba.

A zaman makoki ma bakin ƙofar nan cike yake da wayoyi, Inna Rabi ta aiko cewa kada a hana kowa. Bayan an tashi daga zaman, Kabiru da kansa ya ɗaura mini kayan a babur. Na kafa eriya a tsakiyar gona, Baba Ɗanjuma na zaune a kan kunya yana riƙe mini lema saboda hasken rana. Hoton ya sauko babu zane ko ɗaya. Ga hadari can gabas, gefensa a fili kamar an yanka da wuƙa.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ɗan nan, ko lokacin da Isiyaku ke da lafiya ban taɓa ganin ya fito haka ba."

Ni ma ban taɓa gani ba. A nan na gane cewa zauren bai taɓa rabuwa da cajar wani ba, ciwon nan yawan cajojin kawai ya ƙara. Duk shekarun nan Malam ya san hotonsa zai fi haka kyau idan ya cire soket ɗin bakin ƙofa. Bai cire ba, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya karɓe shi yadda shi ma ya karɓi duk wanda ya yi sallama a ƙofarsa. Allah ya ba Inna Rabi da Kabiru da sauran 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ya tsare musu gidan da ya bari. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu cika da imani. Amin.