Ranar da Ruwan Kwami Ya Ragu

Shekara ashirin da shida Baba Famfo yana cika kwamin baftisma na majami'arsu, bai taɓa taka cikinsa ba sai bayan an zubar da ruwan. Kwamin rami ne na siminti a bayan bagade, mai matakala huɗu, famfo a sama, bawul a ƙasa. Shi ya ja bututun da hannunsa, shi ke kankare gansakuka, shi ke liƙe tsaguwa. Amma shi kansa ba a yi masa baftisma ba.

Kafin aikin famfo, haƙar rijiya yake yi. Yana ɗan shekara sha tara gefen wata rijiya ya zabtare, ruwa ya rufe masa kai, aka jawo shi da igiya kamar buhu. Tun daga ranar, in zai yi wanka daga wuya yake farawa. Kai sai dai a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Fastoci uku sun zo sun tafi, kowanne ya yi masa magana, kowanne ya ji amsa ɗaya: "Allah na ganin aikina."

Sai likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, ya daina ɗaukar kaya masu nauyi. Daga nan tsoro ya zama biyu. Yana tsoron ruwa, yana kuma tsoron ya tsaya gaban Ubangijinsa da abu ɗaya da aka umarce shi bai yi ba.

"Baban yara," in ji matarsa, "kai ke tara wa mutane ruwa, kai ke tsayawa a gefe kamar akuya ta ga hadari."

"Akuyar ta san abin da take gudu."

Ya je wurin sabon fasto ya roƙi a yayyafa masa kawai.

"Baba, a nan nutsarwa muke yi," in ji faston. "Tun kafin mu, Yahudawa in za su tsarkaka duk jiki suke sa wa cikin ruwa. Mu kuwa binnewa ce. Tsohon mutum ya shiga kabari tare da Almasihu, sabo ya fito."

"Fasto, ka taɓa shiga kabari? Ni na shiga."

Duk da haka ya ba da sunansa cikin waɗanda za a yi wa baftisma.

Ran Lahadi da safe ya cika kwamin zuwa ƙirji kamar kullum. Ya tsaya yana kallon ruwan. Sai ya zura dogon makulli ya murɗa bawul ɗin kaɗan, ya tafi ya sa farar riga. A tunaninsa in ruwa ya yi ƙasa, dole a haƙura da yayyafi.

Da fasto ya sauka, ruwan iya gwiwa ya tsaya. Ya dubi wandonsa, ya dubi Baba.

"Jama'a, wane mai famfo ne ya yi mana wannan aikin?"

Aka fashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya sauko matakala yana dafa bango.

Fasto ya rage murya. "Da ka bar shi a cike, Baba, sunkuyar da kai kawai zan yi. Yanzu sai dai ka kwanta rigingine. Ko mu ɗaga zuwa wani makon?"

Baba ya dubi bangon siminti dama da hagu, matsattse, jiƙaƙƙe. Zuciyarsa na dukan haƙarƙari kamar guduma. Wani makon? Likita bai yi masa alkawarin wani mako ba.

Ya laluba ƙasa, ya rufe bawul ɗin da hannunsa, ya zauna cikin ruwan.

"Riƙe ni da hannu biyu. Kada ka tsaya dogon wa'azi ina ƙasa."

"Ka gaskata, Baba?"

"Da ban gaskata ba me zai zaunar da ni nan?"

Fasto ya ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da shi. Ruwa ya toshe kunnuwansa, waƙar jama'a ta ɗauke. Bayansa ya taɓa siminti. Ya ƙanƙame rigar fasto har maɓalli ya tsinke.

Aka ɗago shi yana tari, yana haki, idanu a waje. Matarsa na kuka da tawul a hannu.

"Za a sake?" ya tambaya.

"Sau ɗaya ake yi, Baba."

Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Sai da dattawa biyu suka naɗe wando suka shigo suka ɗauko shi.