Ɗakuna Biyu na Baba Namata

Har yau ban manta da ranar da na tsaya a ƙofar gidan Baba Namata da gwangwanin jan fenti a hannuna ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, gara ku ji labarin daga bakina.

A lokacin ni mai awo ne a sashen tsara gari. Idan za a yanka sabuwar unguwa, abin da muke kira lotisma, mu ne ke fita da na'ura mu auna, mu kafa duwatsun iyaka, mu ware wurin hanya da makaranta da magudanar ruwa. A samana akwai shef, wato shugaban sashe, shi ke karɓo umarni daga manya ya miƙo mana.

Duk wanda ya zauna Gaya ya san matsalarmu: manyan motoci. Kamyo, wato babbar mota, ya fito daga gadar kan iyaka da kaya, wani na jiran tsallakawa Malanbil, duka sai sun ratsa tsakiyar gari. Wata rana mai jinya ma ba ya samun wurin wucewa. Don haka aka zana hanyar da za ta kewaye gari ta baya. Bayan girbi shef ya kira ni biro, wato ofis, ya shimfiɗa taswirar, ya ce, "Haruna, wannan karon da gaske ake. Kafin damina injuna za su iso. Je ka sa alama."

Ƙa'idar ita ce, duk ginin da hanya ta ci, a shafa masa jan fenti, mai shi ya rushe da kansa ya kwashe kayan gininsa, in aiki ya fara a ba shi wani fili a madadi. Na san abin da ke jirana, domin ba wanda ke yi wa mai jan fenti maraba.

Gidan farko na Baba Namata ne, tsohon direban kamyo da ya ajiye tuƙi saboda ciwon ido. Hanyar ta ci zaurensa da ɗakuna biyu, inda babban ɗansa Musa ke zaune da iyalinsa. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani ina jiran faɗa.

Sai ya ce, "Ɗana, faɗin nawa za ta yi?"

Na ce, "Kamyo biyu za su gitta juna, Baba, har da wurin masu tafiya ƙasa."

"To, shafa."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ce, "Na ce ka shafa. Ni na san abin da ke cikin motocin nan. Na taɓa gangarowa cikin garin nan birki ya ƙi, ga mata da tallarsu gabana. Allah ne ya tsare, ba iyawata ba. Idan ɗakina ne zai fitar da su daga gari, a ɗauka."

Maƙwabtansa kam sun ƙi. Wata dattijuwa ta ce sai dai in shafa mata fentin a goshi. Baba Namata ne ya bi su gida gida, yana magana da wasu da Hausa, wasu da Dendi. Da ya ga magana ba ta isa ba, sai ya sa aka cire kwanon ɗakunansa a gaban kowa, aka ture bangon. Musa ya kwashe matarsa da 'ya'yansa suka koma haya. Kunya ta kama sauran, ɗaya bayan ɗaya suka bi. Ban taɓa ganin layi ya buɗe ba tare da ɗan sanda ko ɗaya ba sai wannan.

Damina ta zo, injuna ba su zo ba. Aka canza wa shef wurin aiki. Wanda ya gaje shi mutum ne mai kirki, amma da na kai masa zancen sai ya ce, "An sake nazari, Haruna. Gari ya faɗaɗa ya wuce wurin nan. Dole hanyar ta matsa can gaba."

Na ce, "Shef, mutanen da suka rushe fa?"

Ya ce, "Ka san ƙa'ida. Ba a ba da fili sai aiki ya fara."

Na rubuta, na sake rubutawa. Kowane lokaci a ce ana dubawa. Filin da aka buɗe ya zama matattarar ruwa, daga baya masu sayar da mai a kwalba suka kafa rumfuna, daga rumfuna sai shagunan bulo. Wasu har da takardu a hannunsu, ban san inda suka samo su ba. Musa ya gaji da zaman haya, ya tattara iyalinsa suka koma Yamai. Gidan da jikoki ke cikawa da hayaniya ya rage tsoho da matarsa.

Na daina bin unguwar. Ko aiki ya kai ni can, sai in zaga. Shekaru suka shuɗe, sai muka haɗu a wata jana'iza. Idonsa ya ƙara lalacewa, amma da na gaishe shi ya gane muryata, ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Haruna, ka guje ni."

Na ce, "Baba, da wane ido zan dube ka?"

"Kai ka rushe? Ni na rushe, da hankalina. Faɗa mini dai, za a yi ta?"

"Wallahi ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To, Allah ya sa a yi, ko ba ta ƙofata ba. Motocin nan ba su da tausayi."

Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan ɗakunansa ba. Ya rasu bai ga hanyar ba, bai ga filin madadin ba.

Sau da yawa za ku ji ana cewa mutanenmu ba sa son tsari, taurin kai gare su. Ni dai abin da na gani daban ne. Mutane na iya ba da abin da ya fi musu tsada idan suka yarda da maganarka. Abin da ke da wuya shi ne samun yardar nan karo na biyu. Bayan wannan na sake fita awo sau ba adadi, kuma duk unguwar da na shiga, akwai wanda zai tuna mini da Baba Namata kafin in buɗe baki.

Saboda haka ku zana taswirarku da kyau, gari na bukatarta, yana girma ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Amma ku sani, a biro layi ne a kan takarda, a unguwa ɗakin kwanan wani ne. Kada ku ce wa kowa ya taɓa bangonsa sai kun ji ƙarar injin da kunnenku.