Inda Tela Yake Jingina

Gwaggona wanki da guga take yi, kuma ta tsufa a ɗakin haya mai danshi. Duk damina sai funfuna ta baƙanta bangon, har kayan mutane su ɗauki wari. A ɗakin nan tari ya kashe mijinta, tela.

Da damina ta zagayo, funfuna ta cinye bangon kaf, ban da inda yake jingina in ya dawo daga shago. Maiƙon kansa ya riga ya shiga simintin. Kai da kafaɗu suka fito fes, kamar yana zaune.

Sai lokacin mai gidan ya turo mai fenti. Gwaggo ta tare ƙofa.

Ta ce, "Shekara da shekaru ina roƙo, sai yau? Juya da bokitinka, ɗana. Yana hutawa."