Harsashin Jan Kwali

Kuskurena ƙarami ne: na ɗauki jan kwalin harsashi na bar shuɗin, don kawai ja ya fi kyau a ido.

Kafin nan ni ɓarawon tattabaru ne a unguwar Karantina, can ƙasar Larabawa inda aka haife ni. Da ƙwai na fara, na koma 'yan shila, har ta kai in tattabara ta hango ni sai ta fara wasiyya. Babana direba ne a wani sito a unguwar Khumra. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, yana da 'yar bindigar farauta mai dogon baki, da bututun da ake ɗaura mata don rage ƙara. Ran nan Baba ya shiga sallar azahar ya bar motar kafili a buɗe, na zare bindigar da bututunta da jan kwalin harsashi.

Abokina Usman ya ce, "Ya walad, kai yaro, wannan ko sauro ba za ta tasa daga barci ba."

Na ce, "Yalla, mu je!"

Muka hau rufin sito, na auna tattabarar wani tsoho Basudane, na danna. Wallahi na zaci an busa ƙaho! Usman ya dira ƙasa, har yau ban sake ganinsa ba. Tattabara ta yi tafiyarta. Harsashin ya fasa tagar ɗakin leburori, ya wuce dab da kunnen wani yana cin shinkafa.

Ɗan sandan da ya karɓi bayanina ya juya kwalin a hannunsa. Ya ce, "Ya ibni, ɗana, bututun nan ƙarar bakin bindiga kaɗai yake ragewa. Wannan harsashin ya fi sauti gudu, dogon baki kuma ya ƙara masa. A iska yake tsawa, ba abin da zai toshe ta. Na shuɗin kwali ne mai tafiya a hankali, ba ya tsawa."

Wata takwas na yi a gidan gyaran hali. Ba mai jin Hausa ko ɗaya. In na tuna abin dariya, fanka nake gaya wa. Baba sau ɗaya ya zo. Bai yi faɗa ba, ya dai zauna yana kallon hannuwansa, can ya ce, "Kafili ya ce halas, wato ya gama da mu. An soke mana iƙama, takardar izinin zama."

Na tuba. 'Yan uwana yara, kada ku taɓa abin da ba naku ba, ballantana makami. Ba a kanku kaɗai abin zai ƙare ba.

Ranar da aka sake ni, filin jirgi aka wuce da mu. Yanzu muna Kano, garin da ban taɓa gani ba, a ɗaki ɗaya gidan kawuna. Baba bai sami aiki ba har yau.