Ranar da na janye hannu daga kwanon fara

Ɗazu jikata ta share ƙadandoniya daga bakin ƙofa tana cewa "wannan tsutsar", sai na tuna ƙuruciyata a garin Makarfi.

Muna aji huɗu, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Malaminmu, wani mutumin Kudancin Zariya, ya ce gobe kowa ya zo da tsutsa. Lokacin cirar gyaɗa ne, sai na tono ƙadandoniya a gonarmu, na kai masa a gwangwani, ta nannaɗe kamar gammo.

Ya ce, "Wannan ba tsutsa ba ce. Dubi ƙafafunta, huɗu a kowace gaɓa. 'Yar'uwar shanshani ce, shi biyu gare shi. In aka bi salsala ma, ta fi kusa da fara da ƙaguwa a kan tana."

Fara? Wadda Inna take soya mana da yaji?

Da yamma aka ajiye kwanon fara, na janye hannu. Baba ya tambaye ni dalili, na zayyana masa. Ya ɗauki fara ɗaya, ya daɗe yana jujjuya ta.

"Malaminku bai yi ƙarya ba," in ji shi. "Waccan ta ci mini gyaɗa ta ƙasa, wannan ta ci mini gero ta sama. Ai gida ɗaya ne. Sa hannu mu rama."

Na ci. Amma har na yi furfura ban gane yadda mai fiffike ta haɗa kaka da mai jan ciki ba. Ku da kuka yi karatun, a ina aka ƙulla wannan zumuncin?